Nonon Ɗakin Yashi

Sun sare ceɗiyar da ke bakin ƙofar kamfanin kwalba. Wai tirelolin yanzu sun yi tsawo, ba sa iya juyawa. Ban yarda da labarin 'yan unguwa ba, sai da na je na gani da idona. Na tarar da kututture, da wani mai gadi cikin kaki wanda bai san ni ba. Ya ce, "Baba, wa kake nema?" Na ce ba kowa. Gaskiya na faɗa masa. Waɗanda nake nema ba sa cikin wannan katangar, suna maƙabarta.

Ni ban yi boko ba, kuma surutu bai dame ni ba. Abin da na gani shi zan faɗa. Yaran yanzu suna wucewa ta gaban kamfanin nan a keke, su ga doguwar katanga da bututun hayaƙi da fitilu, su ɗauka haka aka same shi. Ba haka aka same shi ba. Lokacin da na shiga, rumfar kwano ce guda a bayan gari, ciyawa ta kewaye ta, da hantsi ma kana jin kukan fakara. Wani Alhaji ne na cikin gari ya kafa ta, mai sayar da turare da man shafawa. Ya gaji da sayo kwalabe daga Kudu suna isowa rabi a farfashe. Sai ya ɗauko wani injiniya daga ƙasar waje, ja, gajere, ba ya jin Hausa sai "yi sauri" da "kai". Suka gina tanderu na bulo, suka hura masa wuta. Mutanen gari suka ce Alhaji ya zautu, wai zai dafa yashi. Yashin kuwa ya dahu.

A lokacin nan kwalba tana da daraja, ba a yar da ita. Ta lemo a mayar wa mai shago, ta magani a wanke a zuba kananzir ko man gyaɗa. In ta fashe ma ba ta mutu ba. Mata da tsofaffi suna bin bola da lunguna suna tsintowa, daga unguwar Ɗan Iya har bayan barikin soja na Shadawanka, su kawo a buhu. A tsakar filin kamfanin suke zama suna warewa, fara gefe, koriya gefe, ja gefe, yatsunsu duk a naɗe da tsumma. Ƙarar nan na fi tunawa. Tun daga kan titi kake jin ta, kacau-kacau, ga guduma tana farfasa manyan, ga akwatunan katako ana lodawa suna ƙaraurawa, ga jiniya tana kiran 'yan yamma su karɓi 'yan safe. In na koma gida na kwanta, ƙarar tana nan cikin kaina har in yi barci. Yanzu roba ce da leda. Ka sha, ka jefar, ta toshe kwata. Kwalbar da kamfanin ke yi yanzu ma a naɗe take fitowa, an ɗaure ta tam. Mota cike da ita ta wuce ka, ba ka ji ko ƙis ba.

Shugabanmu na aiki wani tsohon maƙeri ne, Baba Heluma muke ce masa. Shi ya koya mana tsoron tanderu. Yakan ce, "Wutar nan ba ta da Juma'a, ba ta da Salla. Ranar da ta mutu, abin da ke cikinta zai daskare ya tsaga bulo, kowa ya kama hanyar gidansu." Don haka ba a taɓa barinta ita kaɗai. Salla ma rabi-rabi muke yi, wasu su yi su dawo su karɓi wasu. Ni a bakin inji aka sa ni. Narkakken gilashi yana ɗigowa ja wur kamar zuma, ya faɗa cikin ƙarfen zubi, iska ta hura shi, ya fito kwalba. Ni kuma in ɗauke ta da awartaki in kai ta inda za ta huce a hankali. Ka yi jinkiri ta lanƙwashe, ka yi gaggawa ta fashe. Gashin hannuna a nan ya ƙone, bai sake fitowa ba. Kunnena na hagu a nan ya mutu. Duk da haka ni aikina mai sauƙi ne. Wuta tana nuna maka kanta, ka ja baya. Mugun wurin shi ne ɗakin yashi, inda babu abin da ke ƙona ka.

Ɗaki ne dogo a bayan tanderu, tagarsa kullum a rufe don kada danshi ya taɓa kaya. Tifa ta kawo yashi daga rafi, a shanya ya bushe ƙarau, a tankaɗe da rariya, a haɗa shi da wata farar hoda da garin fasassun kwalabe, a juya da shebur, a loda a baro zuwa bakin tanderu. Mutum ya shiga baƙi ya fito fari fat, har gashin ido. In ya yi tofi, fari. A nan aka sa Buba.

Buba Bafulatani ne, ni Babarbare, don haka tun ranar farko muka fara zagin juna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wace kyanwa ce ta yaƙushe maka fuska haka, bawana?"

Na ce, "Bawan wa? Kakana ne ya sayi kakanka da ƙwaryar gero, har aka bi shi da gyara."

Ya ce, "Ƙarya kake. Zo ka riƙe wa ubangidanka shebur."

Haka muka zama abokai. Dogo ne, siriri, in yana tafiya ya ɗora shebur a wuyansa ya rataya hannaye kamar sandar kiwo. Annoba ce ta cinye musu garke, ta bar masa 'yan shanun da ba su cika yatsun hannu ba. Suna can bayan Yelwa, lokacin Yelwa gonaki ce da rugage, babu ɗakunan ɗalibai ko ɗaya. Matarsa Dija ke kula da su. Bai shiga kamfani don yana so ba. Ɗakin yashi ana ba su ɗan ƙari a kan namu, shi ya sa ya zaɓe shi. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Bari maruƙan nan su tasa, garke ya ɗan miƙe, in bar muku gidan wutar nan ku da kuka saba da bauta." Fitarsa daga ɗakin yashi tana rataye da maruƙan nan. Kowa ya san haka.

To, akwai wani abu da kamfani ke yi wa 'yan ɗakin yashi wanda ba ya yi wa kowa. In an tashi aiki, sai a ba kowannensu gwangwanin madara. Injiniyan ne ya kawo al'adar daga ƙasarsu. Ya nuna maƙogwaronsa, ya shafa ƙirjinsa, ya ɗaga babban yatsa. Muka gane: madara tana wanke ƙurar da mutum ya shaƙa. Ba wanda ya yi musu. Baba Heluma ya ce, "Kamfanin da ko tsintsiya sai ka mayar da tsohuwa zai ba ka sabuwa, in ka ga ya ba da abu kyauta, to magani ne." Kuma in ka sha, kana jin ta tana sauka da sanyi, kaikayin maƙogwaro ya lafa. Me kuma ake nema?

Buba ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Ya ce, "Wannan saniyar gwangwani, wa ya taɓa ganin ubanta? In wannan ruwan yana wanke ƙirji, to nonon gaske fa?" Washegari sai ga Dija da ƙwarya a ka. Ta zauna a gindin ceɗiyar nan. Tun daga ranar ta zama wurinta. Daga bayan Yelwa take tahowa a ƙasa, kafin rana ta take tsaka ta iso. In jiniyar hutu ta yi kuka, Buba ya fito fari fat, ta miƙa masa ruwa ya wanke baki, ta buɗe faifai ta ba shi tasa ƙwaryar daban, wadda ba ta sayarwa. Sauran kuma mu saya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa sosai a gaban mutane. Ni take tsokana. Ta ce, "Babarbare, yau ma ka zo cin arzikin iyayen gijinka?" In ce, "Na zo karɓar haraji ne." Ta cika min ludayi har ya zuba. Daga baya wasu matan suka biyo ta, mai fura, mai ɗanwake, mai gyaɗa. Gindin ceɗiyar ya zama 'yar kasuwa. Amma ita ce ta fara.

Kamfani ya yi ta girma. Masu lemo suka fara sayen kwalba a wurinmu, sai masu magani suka biyo. Aka rushe rumfar kwano aka yi gini. Aka gina tanderu na biyu, wanda ya ninka na farko. Aka kawo inji mai fitar da kwalabe a jere kamar tururuwa, aka ɗauke mini awartaki aka ba ni aikin tsayawa ina cire masu aibi. Aka ja wuta, aka shimfiɗa kwalta har ƙofa. Mutane suka sayi filaye kewaye da mu, fakara ta gudu. Alhaji ya sake mota, ya gina masallaci, ya kai wasu Makka. Ban ce mugun mutum ba ne. In an yi maka haihuwa yana aiko da rago. Amma duk abin nan da ke girma yashi yake ci, kuma ɗakin yashi bai ƙara taga ba. Mutanen da ke ciki aka ƙara, da gwangwanayen madara.

Da tanderu na biyu ne aka kawo wani abin ɗaurawa a hanci, na roba da auduga, aka ce 'yan ɗakin yashi su riƙa sawa. Takunkumi muka ce masa. Cikin zafin nan, in ka ɗaura, kafin ka juya baro guda audugar ta jiƙe ta toshe, ka ji kamar an danne ka da matashi. Kowa ya rataye nasa a ƙusa. Buba ko gwadawa bai yi ba. Ya ce, "A gidanmu maraƙi ake sa wa wannan don kada ya sha uwarsa. Ni maraƙi ne? Ina da maganina a gindin ceɗiya."

Tarin a hankali ya fara. Busasshe ne, ba majina. Da farko muna masa dariya, in ce, "Bafulatani ya shaƙi arzikin birni." Daga baya na daina. Mutumin da ke bin shanu daga asuba zuwa magariba, sai ga shi yana tura baro ya tsaya a tsakiyar hanya ya dafa gwiwa. Wuyansa ya fito, idonsa ya faɗa. In yana magana sai ya yanke ta biyu ya nemi iska.

Baba Heluma ya kira shi a gabana. Ya ce, "Buba, na ga yadda kake. Zan mayar da kai fili, wajen loda akwatuna. Can akwai iska."

Buba ya ce, "Baba, can akwai ƙarin da ake ba mu?"

"Babu."

"Akwai madara?"

"Ka san babu. Ta ɗakin yashi ce."

Ya ce, "To ka ga. Ƙurar da ta riga ta shiga, da me zan wanke ta in na fita? Ka bar ni, Baba. Shanuna sun haihu bana. Maruƙan nan su ƙetare rani, wallahi da kaina zan kawo maka shebur ɗinka."

Baba Heluma ya ce, "To a ƙara masa nono."

Abin da muka yi ke nan. Ba wanda ya ce a fitar da shi da ƙarfi. Duk muka ce a ƙara masa nono. 'Yan ɗakin yashi suka riƙa tara masa gwangwanayensu, wannan ya ba da nasa yau, wancan gobe, alhali su ma tarin ya fara taɓa wasunsu. Ni na daina sayen nono a wurin Dija, na ce mata ludayina ta juye masa. Ta daina sayarwa gaba ɗaya. Duk abin da ta tatso, nasa ne. Ya sha da safe kafin ya fito, ya sha a gindin ceɗiya, ya sha in ya koma. Har ya riƙa cewa ya gaji, mu tsaya a kansa sai ya shanye. Muna ganin mun yi masa gata.

Ran nan cikin rani na raka shi gida, don ya kasa tafiya shi kaɗai. Muna tafe muna hutawa. Da muka isa rugar na ga shanun, ƙasusuwa ne a tsaye, ciyawa ta ƙare. Maruƙan suna ɗaure a igiya nesa da uwayensu, suna kuka da wata 'yar murya. Wanda ya ɗan fi girma an sa masa takunkumi. Dija tana tsugune ƙarƙashin saniya tana tatsa, tana matsa hantsar da babu komai a ciki sai ɗigo. Na ce, "Dija, waɗannan fa, ba za a sake su su sha ba?" Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "In ya warke sa sha." Na ga maganarta daidai ce. Mutum ya fi maraƙi.

Kafin ruwan farko maruƙan suka bi juna suka mutu. Buba ya faɗa min a bakin ɗakin yashi, yana ɗaure shebur da waya. Ya ce, "Rani ya kwashe su. Sai baɗi kuma." Ya juya ya shiga.

Bai ga baɗin ba. Da damina ta yi nisa ya kasa tashi. Kwanciya ma ta gagare shi, sai a zaune, an jingina shi da buhun gero, bakinsa a buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Na je duba shi da la'asar. Ya dube ni, ya tattara iska ya ce, "Bawana. Na 'yanta ka." Na ce, "Kai dai ka tashi ka biya ni aikin da na yi maka." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Washegari da hantsi aka aiko kamfani cewa ya cika. Ba duka muka je jana'iza ba, saboda wuta. Baba Heluma ya karɓi wurina a bakin inji ya ce in tafi. Da muka ɗaga makara na ji kamar ba kowa a ciki. Muna binne shi ina jiyo jiniyar kamfani daga nesa tana kiran 'yan yamma.

Bayan kwanaki na koma gaisuwa. Dija tana cikin takaba, tana bayan zana, ni ina waje. Na yi mata ta'aziyya na miƙe zan tafi, sai ta ce, "Babarbare, tsaya." Na tsaya. Ta ce, "Ni na kashe shi."

Na ce, "Subhanallahi. Daina faɗin haka."

Ta ce, "Da rani ya tsananta shanun suka ƙafe. Abin da nake samu ba ya rufe gindin ƙwarya. Na ji kunyar in kai masa haka a gaban mutane. Sai na riƙa jiƙa garin 'ya'yan kuka da ruwa ina haɗawa, irin yadda muke yi wa na kasuwa. Yana sha yana cewa ya ji daɗi. Ruwan kuka na yi ta ba shi, yana zaton magani yake sha."

Ni ma a raina na ga hakan zai iya zama. Na ce, "Kwana ne ya ƙare, Dija." Ta ce, "Haka kowa zai ce." Daga ranar ba ta sake zama a gindin ceɗiya ba. Ba ta sake aure ba. Sauran shanun ta ba ƙanin mijin ya tafi da su. Na ji mata suna cewa ko a biki aka miƙa mata nono ba ta karɓa.

'Yan ɗakin yashi na zamaninmu duk haka suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, a zaune. Wanda ya sha gwangwaninsa da wanda ya ba da nasa, duk ɗaya. Mun ga haka, amma ba mu yi tunani a kai ba. Muka ce ƙurar ce ta fi ƙarfin madarar. Daga baya, da Alhaji ya rasu 'ya'yansa suka karɓa, aka rushe ɗakin. Yanzu yashi ta cikin bututu yake tafiya a rufe, daga mota har tanderu, ba hannun da ke taɓa shi. Wani yaro cikin farar riga yana zaune a ɗaki mai sanyi yana danna abu. An ce kwalbar da suke fitarwa a yini, mu sai mu yi wata ba mu yi ta ba. An daina ba da madara. Ban tambayi dalili ba. Ni ma ƙarfina ya ƙare, aka sallame ni da agogon bango.

Bana ne tari ya matsa min, 'yata ta kai ni asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirjina. Likitar yarinya ce, sa'ar jikata. Ta ɗaga hoton ta ce, "Baba, a ina ka yi aiki?" Na faɗa mata. Ta ce akwai ƙura a huhuna, amma kaɗan ce, da alama ban zauna cikinta sosai ba. Na ce, "Ai kuma na sha nono da yawa a lokacin."

Ta ce, "Nono kuma?"

Na ce, "Na wanke ƙirji."

Ta ajiye hoton. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Baba, nono ciki yake tafiya. Ƙura huhu take tafiya. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba sa haɗuwa. Ko randa guda mutum ya sha, ba ya taɓa abin da ke huhu."

Na ce, "Ko nonon gaske, wanda ba a haɗa da komai ba?"

"Ko wane iri."

"To don me kamfani ke ba mu?"

Ta ce, "Haka ake yi a da, a wurare da yawa. Wataƙila su ma sun yarda yana yi. Kuma ya fi gyara ɗakin sauƙi. Maganin kawai mutum ya fita daga ƙurar da wuri."

Na zauna a benci a waje na daɗe. Kowace Babbar Salla da hannuna nake yanka rago, in feɗe shi. Na san hanyar abinci, na san hanyar iska, na sha raba su da wuƙa. Buba ya fi ni sani, shi da ya tashi cikin dabbobi. Baba Heluma ma ya sani. Ba wanda ya taɓa kawo wannan kusa da wancan a cikinmu.

Maganar ta zauna min a ƙirji, ban san inda zan kai ta ba. Sai ranar da na ga kututturen ceɗiyar. Daga bakin ƙofar na tare keke na ce Yelwa. Inda rugar take a da yanzu gidajen haya ne, ɗalibai suna shiga suna fita da waya a kunne. Dija tana gidan ɗanta, malamin firamare ne. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, idonta ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, ta karkata kai.

Ta ce, "Wannan muryar bawanmu ce. Ba ka mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran ki riga ni, in ci gado."

Ta sa aka kawo min ruwa. Muka gaisa, na faɗa mata an sare ceɗiya. Ta ce, "Ta huta." Sai na ce, "Dija, magana na kawo miki. Ba ruwan kukar nan ba ne ya kashe shi." Na faɗa mata duk abin da likita ta ce, yadda ta faɗa. Na ce ko da nonon duniya ta ba shi, tsantsa, ba abin da zai canja. Na ce ta sauke kayan nan, ba nata ba ne.

 Na zaci kuka za ta yi, ko ta yi hamdala. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana ta shafa bakin tabarma da yatsa.

Ta ce, "Ko ɗigo bai kai ƙirjinsa ba?"

"Ko ɗigo."

"Duk tafiyar nan da na yi."

Na ce, "Ba ke kaɗai ba. Duk mun ɗauka haka ne."

Ta ce, "Maganin kawai ya fita, ka ce?"

"Haka ta ce."

"Shi kuma maruƙa yake jira ya fita."

Sai a lokacin na ga inda ta nufa. Ni duk hanyar nan a keke ban kai nan ba. Ita 'yar makiyaya ce, nan take ta kai.

Na ce, "Dija, rani ne ya kashe maruƙan nan."

Ta ce, "Mun sha ganin rani, Babarbare. Maraƙin da aka bar wa uwarsa yana ƙetarewa."

Na ce, "Yashi ne ya kashe Buba. Ba ke ba."

Ta juyo da idon nan mai gani ta dube ni. Ta ce, "Yashi ne ya ɗaure su a igiya?"

 Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ban motsa ba, ita ma ba ta motsa ba. Can ta jawo buta kusa da ita. Ta ce, ba da ni take ba, "Suna ta kuka. Ina jin su, ina tatsa."